Yadda Ake Zubin Ƙarfe da Samfurin Farin Soso Ba Tare da Aibi Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyam ya ga yadda aikin yake: a danna tukunya cikin ƙasa mai laima, a buɗe akwati, a zare ta, a mayar a rufe, sannan a zuba narkakken ƙarfe a gurbin da ta bari. Ni ma a nan na fara. Zubin farin soso, irin sosan da ake samu a kwalin talabijin, ya sha bamban da wannan ta fuska guda: ba a zare samfurin. Za ka sassaƙa abin da kake so da farin soso, ka shafe shi da wani kwaɓin ƙasa siriri, ka binne shi cikin busasshen yashi, ka zuba ƙarfen a kansa. Ƙarfen yana cin soson yana maye gurbinsa. Ɗan'uwan zubin kakin zuma ne, irin na magabatan Ife da Benin, sai dai su suna narkar da kakin su tsiyaye shi kafin su zuba. Wani Ba'amurke, H. F. Shroyer, shi ya yi wa dabarar rajista a 1958, kuma daga 1990 kamfanin General Motors ya riƙa zuba injinan motocin Saturn da ita.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan. Soson ba ɓacewa yake yi ba. Idan zafi ya taɓa shi yana komawa hayaƙi da wani ruwa mai danƙo, kuma dole su biyun su sami hanyar fita ta cikin shafen zuwa cikin yashi kafin ƙarfen ya daskare. Kusan duk aibin da za ka gani, ko dai hanyar nan ce ta toshe, ko kuma yashin ne ya motsa kafin ƙarfe ya iso. A kan alminiyam zan yi bayani, don da shi ya kamata mai koyo ya fara.

Kayan aiki

Na farko farin soso, wato folistirin, irin wanda ake samu a kwalin talabijin ko firji, mai ƙwayoyi kamar gero. Ba soson katifa ba. Na katifa ba ya narkewa ya ba da hanya, ƙonewa yake ya bar baƙin gawayi, hayaƙinsa kuma guba ne.

Sai sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi, samfefa mai laushi, da wayar yanka idan za ka iya haɗawa: zaren wayar tsohuwar hita a ɗaure tsakanin itace biyu, a jona da batirin mota. Kada ka taɓa jona ta da wutar gida kai tsaye.

Gam fari na kafintoci, ko gam ɗin kyandir da ake narkawa da bindiga. Kakin zuma kaɗan. Kayan shafe, zan yi bayaninsu a mataki na 4. Yashin kogi, rariya, bokitin ƙarfe ko rabin duro, guntun katako ko gudumar roba, gwangwanin tumatir ko na madara da aka fafe sama da ƙasa, tubali biyu ko uku. Ƙaramin sikeli mai auna giram, wannan yana da amfani fiye da yadda kake zato.

A ɓangaren wuta: murhu da gawayi da abin hura iska, tukunyar narki, awartaki mai kama tukunyar da kyau, dogon cokalin ƙarfe na kwashe datti, da ma'aunin zafi mai sanda idan hali ya yi. Sai kayan kariya: takalmin fata rufaffe, safar hannu ta fata, tufafin auduga masu kauri, gilashin rufe fuska, da takunkumi. Silifa da rigar leda ba su da wuri a nan, domin narkewa suke su manne da fata.

1. Zaɓen soso

Yawancin masu koyo suna neman soso mai tauri saboda ya fi daɗin sassaƙa. To, taurin nan shi ne yawan robar da ƙarfenka zai ci. Soso mai nauyi yana shanye zafin ƙarfe, yana tara hayaƙi, sai ka ga zubi ya tsaya a rabi. Mai sakwaf-sakwaf da yawa kuma yashi yana matse shi ya lanƙwashe, kuma ƙwayoyinsa manya suna fitowa a fatar aikin.

Ga yadda nake gwadawa. Ka yanki guntu mai santimita 10 a kowane ɓangare, wato lita ɗaya ke nan, ka ɗora a sikeli. Idan ya ba ka giram 20 zuwa 25, ka dace. Idan ya haura 30, ajiye shi don wani aikin. Ka duba ƙwayoyin kuma: ƙanana, masu haɗe da juna, waɗanda ba sa zubewa idan ka goga da yatsa. Wanda ya sha mai, ko fenti, ko ya kwana cikin ruwa, ka rabu da shi. Soso yana riƙe laima a tsakanin ƙwayoyinsa ko da ka ga bayansa a bushe.

Awon nan zai gaya maka yawan ƙarfen da za ka narka. Lita ɗaya ta alminiyam kilo 2.7 ce. Idan sosonka giram 20 ne a lita, to duk giram ɗaya na samfur yana bukatar giram 135 na ƙarfe. Ka auna samfurin haɗe da hanyoyinsa, ka lissafa, sannan ka ƙara rabin abin da ya fito. Ƙarfe ya yi saura ya fi ya ƙare maka ana tsakiyar zubi.

2. Sassaƙa da haɗawa

Alminiyam yana tsukewa idan ya huce, kimanin milimita 13 a kowace mita. Saboda haka abin da kake so ya fito santimita 10, ka yanke shi da ƙarin milimita ɗaya da ɗoriya. Wurin da za a goge ko a kai wa mai injin gyara fuska, ka bar masa ƙarin milimita 2 ko 3.

Kada bangon aikin ya gaza milimita 5 ko 6 a farkon koyonka. Masana'antu suna yin ƙasa da haka, amma suna da kayan da ba mu da su. Ka kuma guji haɗa wuri mai kauri sosai da siriri kai tsaye. Mai kaurin shi ke daskarewa a ƙarshe, yana tsukewa ba mai ciyar da shi, sai ya lotsa ko ya yi rami a ciki. Ka sassauta mahaɗar, kuma kowace kusurwa ta ciki ka zagaye ta, kada ka bar ta da kaifi.

Idan da wayar zafi kake yanka, ka daidaita ta ta riƙa ratsawa a hankali ba tare da hayaƙi ba. In ta yi zafi da yawa tana barin wata ɓawon fata mai sheƙi a jikin soson, wadda narkakkiyar roba ce mai tauri. Ka goge ta da samfefa. Duk tabon da ka bari a samfur, har shatin farce, zai fito a ƙarfe.

Sai maganar gam, inda nake ganin an fi yin ɓarna. Kowa ya san yadda ake jefa farin soso cikin fetur ya narke a liƙe yoyon kwano da shi. To, duk gam mai warin fetur ko tina haka zai yi wa samfurinka. Farin gam da na kyandir ba sa cin soso, amma su ma suna da nasu: gam ya fi soso nauyi sau arba'in ko fiye. Ɗigo ɗaya mai kauri kamar katanga ce a gaban ƙarfe, yana rage masa gudu, yana ƙara hayaƙi. Na taɓa zuba murfin famfon ban ruwa wanda na haɗa da guntaye huɗu, na cika musu gam don kada su rabu. Ya fito kamar lafiya lau. Da na ɗaure shi da kusoshi sai ya tsage, daidai kan layin gam ɗin, kuma cikin tsagar baƙi ne wuluk. Tun daga ranar, gam ɗan siriri nake shafawa a bakin mahaɗa kawai. Farin gam kuma ruwa ne a cikinsa, sai ya kwana ya bushe sarai.

Bayan haɗawa ka bi kowace mahaɗa ka toshe ta da kakin zuma ɗan kaɗan. Idan ka bar tsaga, ruwan shafe zai shiga ya bushe a ciki, ya zama kamar takarda a tsakiyar ƙarfenka.

3. Hanyar da ƙarfe zai bi

Abu uku ne: mazurari a sama, wato gwangwanin nan, sai maƙogwaro, wato sandar soso da ke sauka daga mazurari, sai ƙofa, inda maƙogwaron ya haɗu da aikin.

Ƙarfe a cikin soso ba gudu yake kamar ruwa a bututu ba. Tafiya yake a hankali yana tura soson, bakinsa na gaba yana hucewa yana kwasar datti. Abin da ke tura shi nauyin ƙarfen da ke sama ne, don haka maƙogwaro ya zama dogo, aƙalla santimita 15 zuwa 20 sama da ƙololuwar aikin. Kaurinsa santimita 2 zuwa 3 ya isa ga ƙananan ayyuka. Ka yi shi da soso mafi sauƙin nauyi da kake da shi, in ma za ka iya ka huda tsakiyarsa ya zama kamar bututu, ya fi, domin ƙarfen zai isa aikin da zafinsa.

Ni na fi son ƙofa ta shiga daga ƙasa ko daga gefe can ƙasa, ƙarfe ya riƙa hawa yana kora datti sama. Idan ka zubo daga sama, ƙarfen yakan zagaye wani yanki na soso ya rufe shi, hayaƙin ya rasa mafita ya zama kumburi ko rami. Ga ƙaramin abu dunƙulalle zubin sama yana yi, amma ban da abu mai faɗi.

Kada ka yawaita ƙofofi. Duk inda bakin ƙarfe biyu suka haɗu, kowanne ya zo da dattinsa kuma ya ɗan huce, sai su jingina da juna ba tare da sun narke sun zama ɗaya ba. Wannan shi ne ninki, layi siriri kamar gashi da za ka gani a fatar aiki, kuma nan ne zai karye. Inda ba makawa sai sun haɗu, kamar a zobe ko taya, ka lura da wurin da za su gamu, ka manna ɗan guntun soso a can sama. Ni tozo nake ce masa. Ƙarfe mai sanyi da datti zai taru a cikinsa, daga baya ka yanke ka jefa a tukunya. Haka ma saman duk wani wuri mai kauri, ka sa masa tozo wanda ya fi shi kauri don ya ciyar da shi lokacin tsukewa.

4. Shafe

A nan zan daɗe, domin shafe shi ne zuciyar aikin. Yana hana yashi faɗawa cikin gurbi a ɗan lokacin da soso ya narke ƙarfe bai iso ba. Yana hana ƙarfe kutsawa cikin yashi. Yana barin hayaƙi ya ratsa, yana tsotse ruwan danƙon nan kamar yadda lagwani ke tsotsar kananzir, sannan yana ƙara wa samfur ƙarfi. Idan ya yi kauri, hayaƙi ba zai fita ba. Idan ya yi siriri ko ya tsage, yashi zai manne da aikin. Tsakanin biyun nan ake nema.

Masana'antu suna sayen nasa a haɗe, da garin ma'adinai irin su silika ko maika ko zirkon. Mu da ba mu da shi, ga abin da ke yi mini aiki a alminiyam: kashi biyu na garin jan bulo ƙonanne ko yashi da aka niƙa aka tankaɗe ya yi laushi kamar fulawa, kashi ɗaya na farar ƙasa ko yumɓu mai kyau, ɗan jiƙaƙƙen ƙaro ko farin gam don ya kama, da ɗigo biyu ko uku na sabulun ruwa. Sabulun ne ke sa shafen ya kwanta a jikin soso, in babu shi tsalle yake yana taruwa kamar ruwa a ganyen gwaza. Yumɓu zalla ba ya yi, tsagewa yake idan ya bushe, kuma ba ya numfashi. Wasu suna tsinka garin gyaran bango na masu fenti da ruwa, yana yi idan an shafa siriri. Filastar silin kuwa ka yi hattara da ita: tana riƙe ruwa a jikinta ko bayan ta bushe, zafi na taɓa ta sai ta sake shi ya zama tururi. Idan ita kaɗai ka samu, shafi ɗaya siriri, kuma ga alminiyam kawai.

Ka dama ya yi kaurin koko mara kauri, wanda zai rufe bayan cokali ya riƙa ɗiga. Ka bar shi ya kwanta na ɗan lokaci kumfar iska ta fita, ka tace da rariya. Sai ka tsoma samfurin ko ka riƙa kwarara masa, kana juya shi a hannu don kada ya taru a lungu. Lungu shi ne maɓoyar matsala: nan shafe ke yin kauri, nan ne kuma ba ya bushewa. Shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri, amma sai na farko ya bushe. Gaba ɗaya kada ya wuce rabin milimita zuwa milimita ɗaya. Saman maƙogwaro, inda ƙarfe zai fara taɓawa, a bar shi tsirara.

Wajen busarwa, inuwa mai iska ko rana mai sauƙi. Zafin da ya wuce digiri 50 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas yana fara lanƙwasa soso, don haka ban da ɗorawa kan kwanon rufi da tsakar ranar bazara, ban da kusa da murhu. Da hunturu yana bushewa cikin yini ɗaya, har ma yakan yi saurin da zai tsage, sai ka sa shi a ɗaki. Da damina, musamman a watan Agusta, yakan kai kwana uku. Ido ba ya gane bushewa. Ka auna shi da safe, ka auna da yamma. Ranar da nauyin ya daina raguwa, ranar ya bushe. Kafin binnewa ka ɗaga shi a haske ka bi shi kaf, duk tsagar da ka gani ka shafe ta da gashin kaza ka sake busarwa.

Ana iya zubi ba shafe sam, kuma yana da kyau ka gwada sau ɗaya don ka ga bambanci. Aikin zai fito da kaushi kamar dutsen niƙa.

5. Yashi

Busasshe, sakakke, ba yumɓu, ba ruwa ko ɗigo. Wanda ya saba da zubin tukunya hannunsa zai riƙa ƙaiƙayin yayyafa ruwa, to a nan haramun ne. Ka wanke yashin kogi har ruwan ya fito garau, ka shanya, ka soya shi a faranti kan wuta, ka tankaɗe tsakuwa da rariya. Abin da ake so ƙwaya mai kamar ta sukari, wajen kashi uku zuwa biyar cikin goma na milimita. Mai laushi kamar ƙura yana toshe hayaƙi, mai gautsi kuma ba ya tallafar shafe da kyau. Ka bar shi ya huce sarai, domin yashi mai zafi yana narkar da samfur tun kafin zubi. Ka sa takunkumi lokacin tankaɗe, ƙurar yashi tana lalata huhu a hankali.

Ana maimaita amfani da shi, amma bayan zubi da yawa za ka ga ya yi duhu yana wari yana ɗan danƙo. Ragowar soso ce. Ka sake soya shi a fili, ka tankaɗe, ka gauraya da sabo.

6. Binnewa

Ka zuba yashi santimita 5 zuwa 8 a gindin bokiti, ka bubbuga ya zauna. Ka ɗora samfurin, ka tabbata akwai aƙalla santimita 5 tsakaninsa da bangon bokiti ta kowane gefe. Ka ɗan karkata shi yadda kowane rami da kowane lungu zai kalli sama ko gefe. Yashi yana gangara, yana tafiya gefe idan an girgiza shi, amma ba ya hawa sama. Duk ramin da ya kalli ƙasa zai zauna fanko, ƙarfe kuma zai fasa shafen ya cika wurin ya fito da ƙullutu. Rami mai zurfi ka cika shi da hannu tun a waje.

Ka riƙa zuba yashin kamar yayyafi, ba a jibge ba, kauri yatsa huɗu a kowane zagaye, sannan ka bi jikin bokitin da bugu ƙanana masu yawa ta ko'ina. Kada ka danna da hannu ko taɓarya kusa da samfur. In kana da injin samfefa mai karkarwa, ka jingina shi da jikin bokitin, ya fi bugu. Za ka ga yashin yana sauka. Idan ya daina sauka, kuma ka tura yatsa ya ƙi shiga, ya yi. Girgiza mai tsanani kuma tana karkatar da samfur siriri, don haka ka riƙe maƙogwaron da hannu ɗaya har a binne rabi.

A sama da aikin a sami yashi aƙalla santimita 10. Ka kafa gwangwanin a kan maƙogwaro, ka nutsa shi cikin yashi ya zauna daram, ka hure duk ƙwayar da ta faɗa ciki. Sai ka jera tubali a kan yashin kewaye da gwangwanin, saboda narkakken ƙarfe yana tura yashi sama.

7. Narka ƙarfe

Ba kowane alminiyam ne na zubi ba. Ka nemi wanda dama zuba shi aka yi: tsohon fistin, kan inji, kwanson giyar mota. Suna da sinadarin silikon da ke sa ƙarfe ya kwarara. Gwangwanin lemo datti ya fi yawa a cikinsa, kuma ba ya gudu. Idan ka ci karo da guntu mai sauƙin nauyi fiye da kima, ka kankare shi ka ɗiga ruwan lemun tsami. In ya yi kumfa, maganiziyam ne, wani ƙarfe mai kamawa da wuta, kada ya shiga tukunyarka, wutarsa ba ta mutuwa da ruwa.

Ka wanke mai da giris, ka ɗora guntayen a bakin murhu su gasu kafin su shiga tukunya. Cokali da awartaki ma haka. Laima ita ce babbar abokiyar gabar alminiyam: kaɗan daga cikinta tana shiga ƙarfen a matsayin iskar haidurojin ta fito da ƙananan ramuka kamar tsinin allura, mai yawa kuma tana sa tukunya ta yi bindiga.

Alminiyam yana narkewa a digiri 660. Zubin soso yana son zafi fiye da na tukunya, tunda soson yana cin nasa rabon: digiri 750 zuwa 780. Idan ba ka da ma'auni, ka yi aikin da yamma ko a inuwa, ka jira har ƙarfen ya fara nuna ja mai duhu. In ya kai ja mai haske ya wuce, kuma ƙarfen da ya haura 800 ko ya daɗe a wuta yana shan iska sosai. Kada ka yi ta motsa shi. Da ya kai, ka kwashe dattin sama sau ɗaya, ka ɗauka. Tukunyar ƙarfe tana yi in babu ta girafait (baƙin abin nan na cikin fensir), sai dai alminiyam yana cinta a hankali, ka duba gindinta kafin kowane aiki.

8. Zubi

A fili ake yi, iska tana bayanka. Hayaƙin soso baƙi ne kuma yana cutarwa. Bokitin ya zauna a kan busasshen yashi, ba kan siminti ba, ba kan ƙasa mai laima ba. Yara su yi nisa. Ka gwada tafiyar da tukunya fanko tun kafin ka hura wuta, don ƙafarka ta san hanya.

Ka kawo bakin tukunya kusa da gwangwani, ka cika shi da sauri. Wuta za ta tashi, ƙarfen zai tsaya kamar ya ƙi shiga na daƙiƙa ɗaya ko biyu. A nan ne mai koyo ke firgita ya ɗaga hannu, a nan ne kuma aikin ke lalacewa. Ka ci gaba. Zai faɗa ciki gaba ɗaya, kai kuma ka bi shi, gwangwanin ya kasance a cike daga farko har ƙarshe. Da zarar ka yanke zubi, nauyin da ke riƙe bangon gurbi ya tafi, soson da ke gaba kuma ya riga ya narke, sai yashi ya rufta. Ko da ka ci gaba bayan daƙiƙa biyu, ka makara. Ka tsaya kawai idan ƙarfen ya daina sauka. Ragowar ka juye a busasshen gurbi da ka tanada.

Idan mazurari ya yi aman ƙarfe yana tartsatsi, ka ja baya. Hayaƙi ne ya rasa mafita ya dawo ta inda ya samu, kuma dalilin ba ya wuce shafe mai laima, shafe mai kauri, soso mai nauyi ko gam da ya yi yawa.

Ƙaramin aiki ka ba shi minti 20 zuwa 30 kafin ka kifar da bokitin. Yashin da ke kewaye da shi yana ƙuna kamar garwashi.

9. Karanta aibi

Ka kankare shafen da burushin waya, ka zauna da aikin a haske kafin ka yanke komai, domin maƙogwaro da tozo suna ba da labari.

Idan bai cika ba, kuma bakin inda ya tsaya a zagaye yake sumul, ƙarfen ne ya huce a hanya: ƙara zafi, tsawaita maƙogwaro, rage kaurin shafe, ko nemi soso mai sauƙi. Idan wani yanki ya ɓace kuma wurin yana da yashi a cakuɗe, ruftawa ce, ko ka yanke zubi ko yashin bai zauna ba. Kaushi da yashi manne a wuri ɗaya, shafe ne ya tsage a nan, ko ƙarfen ya yi zafi fiye da kima. Ƙullutu a lungu, yashi bai shiga ba. Layi siriri mai baƙi a ciki, ninki ne, ka sake duba ƙofofi da gam. Kumburi a fata wanda in ka soka za ka tarar da rami mai sheƙi, hayaƙin soso ne da ya maƙale. Lotsawa a wuri mai kauri, tozo ya yi ƙanƙanta. Aikin da ya fito a karkace kuwa tun wajen busarwa ko binnewa ya karkace.

Ramukan ciki ba a ganinsu daga waje. Aikin farko na kowane sabon samfur, ka sadaukar da shi: ka raba shi biyu da zarto ta wuri mafi kauri, ka goge fuskar da magagari da samfefa. Ƙananan ɗigo a warwatse ko'ina, laima ce a ƙarfe ko zafi ya yi yawa. Manyan ramuka zagayayyu can sama, soso ne. Rami mai yage-yage a tsakiyar kauri, tsukewa ce.

Wanda ke da niyyar matsawa zuwa baƙin ƙarfe, ya sani akwai ƙarin aibi guda da alminiyam ba ya nunawa. A zafin da ake zuba shi, wajen digiri 1,400, soson yana fashewa ya bar baƙin toka mai sheƙi wanda ke taruwa a saman aikin ya yamutsa fatar. Ƙarfen sitil kuma yana shanye tokar nan ya yi tauri a wasu wurare. Shi ya sa masana'antu ke amfani da wani nau'in soso dabam, da shafen da ke jure wuta sosai, sannan su rufe saman akwati da leda su zuƙe iska da famfo yayin zubi. Shafenmu na gida ba zai tsaya wa wannan zafin ba.

Ka ajiye ɗan littafi kusa da murhu. Kowane zubi ka rubuta nauyin soso, yawan shafi, kwanakin bushewa, zafin ƙarfe, inda ƙofa take, da abin da ya fito. Idan za ka gyara, abu ɗaya za ka canza a kowane gwaji. In ka canza zafi da shafe da ƙofa a lokaci guda aikin ya yi kyau, ba za ka san wanne ne ya gyara shi ba. Guntayen da suka lalace kuma kada ka yi saurin mayar da su tukunya; ka rubuta lambar shafin littafin a jikinsu, ka jera su a kanta, domin idan aibin ya sake dawowa bayan wata shida da su za ka gwada.